Akwatin Iri na Babana

Da za a mayar mini da rana ɗaya a rayuwata, da na zaɓi ranar da na juye akwatin babana na raba wa masu ƙosai takardun ciki.

Babana yana da ƙaramar maɗaba'a a Jega, irin wadda ake jera haruffan dalma da hannu. Duk abin da ya buga, waƙar wa'azi ko katin biki ko kalanda, sai ya ajiye guda a akwatin ƙarfe. Yana kiran akwatin "iri". Sunan daga bakin mahaifiyarsa ya fito, Inna Hajo, mutuniyar Jiga Birni da ta tsufa cikin noman albasa.

Lokacin sanyi, bayan cin tuwo, mukan zagaye ta a bakin murhu. Ni take fara tsokana: "Matso, mijina raggo, wuta ba ta cin malalaci." Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta wani manomi ce da albasarsa ta yi kyau. Ya kai kasuwa, ya ci, ya sha, sai ya ga 'yar ƙwaryar iri a lungu. Ya ce me zai yi da wannan baƙin tsaki, ya watsa wa kaji. Da lokacin yafi ya zo ya bi gida gida, kowa ya riga ya yafa nasa.

"To, mi za shi dasawa?" in ji ta.

Mu ce, "Babu."

"Ku riƙe. Albasa ta kasuwa ta, iri na gida na."

Ni dai hankalina yana kan dankalin da ke cikin toka.

Bayan rasuwar Baba na kawo kwamfuta. Haruffan na ba masunta, suka narkar suka ɗaura wa taru. Takardun kuwa na ga sun tare wuri.

Bara wata malamar makaranta ta zo daga Giwa Tazo. Ta ce, "Baba, an ce nan aka buga waƙar mahaifina. Gara ta cinye tamu. Baiti biyu kaɗai na riƙe, ina son 'ya'yana su ji sauran."

Na tuna waƙar, bangonta kore. Na shiga ciki na buɗe akwatin da na san babu komai a cikinsa. Da na fito, ta gane daga fuskata.

"Ba komai, Baba," ta ce a hankali.

Na roƙe ta ta rera baiti biyun. Na rubuta, na buga mata, na saka guda a akwatin. Shi ke nan abin da ke ciki yau.

Ina roƙonku, in kun gaji tsohuwar takarda ko tsohon inji, kada ku yi irin nawa. Ku tambaya tukuna ko iri ne.