Wa Ya Faɗi Maganar Bindiga?

Kano zuwa Guangzhou

Na bar gida kafin kiran assalatu, a 1997, zamanin soja. Mota zuwa Legas, jirgin sama zuwa Hong Kong, sannan jirgin ƙasa. Duk jarina yana cikin lalita a ƙuguna. A kan iyaka jami'in ya daɗe yana kallon tabon harsashin da 'yan fashi suka bar mini a kunci. Bai tambaya ba, ban faɗa ba. Ya buga hatimi.

Na sauka a unguwar Dengfeng, cikin Guangzhou, wajen Alhaji Issaka, mutumin zangon Kumasi, mai tura kaya. Ɗaki kamar akurki, shinkafa da kifi, shayi ba sukari. Shi yana jin Turanci. Ni ba na ji.

Masana'anta

Da safe muka hau tasi zuwa bayan Huangpu. Mai masana'antar, laoban suke ce masa, ya nuna mana riguna tsibi biyu, yadi mai kyau, farashi kamar kyauta. Kowace da hoton tsohon Bature, da bindiga, da rubutu.

Na ce, "Alhaji, me aka rubuta?"

"Wai talaka mai bindiga ba ya tsoron gwamnati. Wai maganar ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Amurka ce. Can rigima suke yi a kan riƙe bindiga, kowa yana jawo kakanni su tsaya masa."

"To me ya sa fuskar tsibin nan daban da ta wancan?"

Laoban ya yi bayani, Alhaji ya fassara. Wani Ba'amurke ne ya sa a buga. Da aka gama ya aiko cewa an yi kuskure, ba wannan tsohon ya faɗa ba, abokinsa ne. Aka sake bugawa. Ya sake aikowa cewa masana sun tone takardun tsoffin duka biyu, ba su ga maganar ba. Ya bar kayan.

Na ce, "A tambaye shi, wa ya ji da kunnensa?"

Laoban ya ce, "Meyo." Wato babu. Ya ƙara da cewa idan ina so zai buga da tawa fuskar, kwana uku ya isa.

Alhaji ya ce, "Karɓa, Malam Sabo. Da wannan tabon ka fi su kama da mai maganar."

Na ƙi fuskar, na saye rigunan. Jarin kaf. Yadi na gani.

Hanyar gida

Kayan suka biyo ni a jirgin ruwa. A Legas ba wanda ya kwance dila. Na sa su a babbar mota, na zauna kusa da direba. Bayan Jebba sojoji suka tsayar da mu. Wani saje ya farke dila da wuƙa, ya ɗaga riga, ya karanta a hankali har sau biyu. Direba ya fara salati.

"Baba, kayanka ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Wa ya faɗi wannan?"

Na gaya masa gaskiya. "An bincika. Ba wanda ya faɗa."

Ya ce, "To in ba wanda ya faɗa, kai ka faɗa ke nan. A sauke kayan. Kai ma sauko."

Na san inda ake kai mai irin wannan magana a wancan lokacin. Na dubi rigar. Tsohon yana da farin gashi nannaɗe har kunne, irin wanda ake sawa a babbar kotu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsufa ne, na manta. Wannan ne ya faɗa. Alƙalin alƙalai ne na Ingila. Dubi gashin."

Ya duba. "Ka tabbata?"

"A kotu ya faɗa, gaban jama'a."

Ya gwada rigar a ƙirjinsa, ya ɗauki biyu, har da mai ɗaya fuskar. Ya ce mu wuce.

Kano

Na iso gida lafiya, kaya sun ƙare kafin sallah. Godiya ga Allah, sannan Alhaji Issaka, sannan direban da ya riƙe bakinsa a Jebba. A kasuwa kam bai riƙe ba. Har yau in musu ya tashi a kan maganar alƙalin Ingila, wurina ake zuwa, wai ina cikin kotun ranar da ya faɗa.