Baƙon Mamuda Mai Jirgi

A duk faɗin Zamfara babu garin da ya kai Gummi abin kallo, in ji Mamuda mai jirgi, kuma wata goma sha biyu cur. Da damina gulbi ya cika ya batse. Da kaka a ga shinkafa a fadama. Da rani masunta su fito da koma, da bazara a taka yashi a ƙetare da ƙafa. Shekara talatin yana jera wannan ga duk wanda ya shiga kwalekwalensa. A shekaru huɗun nan dai masu shiga duk 'yan gari ne da buhunansu, su ma sukan dawo kafin azahar saboda 'yan bindigar dajin tsallake.

Wata Laraba sai ga baƙo na gaske, Malam Sadiq daga Kaduna, da jaka da kyamara. Ya ce a kai shi tsallake.

Uwani, matar Mamuda, ta ce wa mijinta, "Malam, ka gaya mishi gaskiya."

"In ce ma baƙo garinmu akwai tsoro? In ya kai labari gida, wa za shi sake zuwa?"

Rana ta take lokacin da suka sauka. Sadiq ya bi gaɓa yana hoto, yana rubutu, yana tambayar inda ruwa kan tsaya a watan Agusta. Mamuda na nuna masa shaidar laka a jikin giginya sai ya ji ƙugin babura daga daji. Ba ɗaya ba ne, ba biyu ba. Manoman da ke kusa suka saɓa fartanya suka shige cikin dawa, ba sallama.

A Gummi ba a ce wa baƙo ya tashi.

Mamuda ya ce, "Ranka shi daɗe, akwai kada can gefen gari. Yanzu ne yake shan rana."

"Na sha ganin kada."

"Wanga ya girmi kakana."

"Baba, bari in gama."

Ƙugin ya matso. Mamuda ya ambaci maƙera, ya ambaci kasuwar kifi, ya ƙara da wata tsohuwar rijiya da shi kansa bai san inda take ba. Sadiq ya ce gobe.

Sai Mamuda ya ɗauki jakar baƙon ya sa a jirgi, ya tura. Sadiq ya biyo shi yana faɗa, ruwa har gwiwa. Mamuda bai tuƙa ba, don ƙarar gorar tuƙi kan tafi nesa a kan ruwa. Ya bari igiyar ruwa ta ja su ƙarƙashin ciyawar gaɓa.

"Kwanta, yallaɓai. Daga ƙasa anka fi ganin kadan."

Sadiq ya dubi fuskarsa, ya kwanta cikin ruwan da ya taru a gindin jirgi. Babura suka wuce ta samansu. Ɗaya ya tsaya, aka yi magana, aka yi dariya. Mamuda ya riƙe ciyawa har ta yanke masa tafin hannu. Can babur ɗin ya tashi.

Da suka iso gefen gari Sadiq ya daɗe yana matse riga. Bai tambayi labarin kada ba.

Mamuda ya ce, "Za ka kawo muna wasu baƙin?"

"Wajen mutum hamsin, bayan damina."

Sadiq ma'aikacin kamfanin gine-gine ne. Gada za a yi, daidai mashigar Mamuda.