Bakin famfon feshin da na busa

Salamu alaikum. Wata huɗu ke nan ba ku ji ɗuriyata ba a nan. Masu cewa Sani Dayi ya yi kuɗin wake ya daina gaisuwa, Allah ya shirye ku. Jinya na yi.

Ranar Talata ce, wake na fure, ina feshi na shida saboda tsutsa. Bakin famfon ya toshe. Na yi abin da duk muke yi: na kwance shi, na kai baki, na busa. Maganin ya dawo mini har maƙogwaro. Na tofar, na kurkure baki, na ci gaba da aiki kamar wani jarumi.

Kafin azahar yawu na zuba kamar an kunna famfo. Gumi, amai, ido ya dushe, ƙirji ya ɗaure.

A gida aka danne ni aka ɗura mini manja da nono, wai suna kashe guba. Ƙarya ce!

Yayana Lawal ne ya kai ni Malumfashi a mota, daga can aka tura mu Funtua. Aka cire mini kaya, aka wanke ni kamar gawa, aka sa mini robar iska a hanci. Allura kuwa, har na daina ƙirgawa. Hoton ƙirji ya nuna manjan nan ya gangara huhu.

Likita ya dubi Yaya ya ce, "Malam, gubar daban, manjan daban. Ciwo biyu kuka kawo mini."

Kwana sha tara. Bijimin nomana ya tafi a magani. Matata Rabi tana bakin gado tana ce mini, "Baban Ummi, ja numfashi mana." Ina ja, ba ya zuwa. Wallahi na ji tsoro.

Ga abin da ke ƙona mini rai har yau. Tun bara malamin gona ya kawo mana sabon irin wake, wanda masana suka sa wa abin da ke kashe tsutsa in ta ci. Ya ce feshi kaɗan yake so, na sauran ƙwari. Yaya ya karɓa. Ni na ƙi, don wani da ko sunansa ban sani ba ya turo odiyo ta waya a gurufinmu na manoma wai irin yana hana haihuwa. Har na tura wa wasu!

Bana Yaya sau biyu ya yi feshi. Ni ina na shida na faɗi.

Kai mai odiyon nan, ko zangarniya ka taɓa riƙewa? Ina kake lokacin da nake shure-shure? Amma haushin kaina ya fi, don ni ne ban tambayi kowa ba.

Alhamdu lillahi, yanzu ina zuwa masallaci da ƙafata, sai dai in huta a hanya. Na gode wa Yaya, da Rabi, da ma'aikatan jinya da suka jure masifata.

'Yan'uwa manoma, in bakin famfo ya toshe, a sa tsinke. A rufe hanci, a sa safar hannu. Wanda ya sha guba kada a ba shi komai, a ruga asibiti da kwalbar maganin. Zancen iri kuma a tambayi malamin gona.

Jiya Ummi, 'yata ta fari, ta riƙe mini buta ina alwala. Na guji irin nan don 'ya'yan da ban haifa ba, saura ƙiris in mayar da biyar ɗin da na haifa marayu.