Hanyar da Kawu Bawa Ya Tafi da Ita

Ku da kuka san Kawu Bawa, ƙanen mahaifiyata, kun san ba ya tafiya da takalmi a ƙafa. Da ya bar bakin kwalta sai ya tuɓe su, ya kifa su a kan hula, ya kama sandarsa. In an tanka ya ce, "Ƙafa in ta tsage Allah ka ɗinke ta kyauta. Takalmi fa, wa ka ɗinke min?"

Mota da babur kuwa abokan gabarsa ne. Daga Kwatarkwashi zuwa Gusau a ƙasa, zuwa kasuwar Tsafe a ƙasa, kuma ba ta titi ba, ta wasu lunguna na daji da shi kaɗai ya san kansu. Ni kabu-kabu nake yi da babur. Wata rana na tsince shi yana tsallaka titi, gumi har gemu.

"Kawu, hau in kai ka."

"Ka kai ni ina, Ya'u?"

"Inda za ka mana."

"To in ka kai ni, mi na gani? Kai tun da ka sayi wagga tsiya ba ka san komi ba a ƙasarku sai ramun titi."

Na murɗa babur na bar shi. Da yamma na kai labarin majalisa, har da kwaikwayon tafiyarsa. A harkar yi wa Kawu dariya ni ne limami, Allah Ya yafe min.

Yana da karatunsa na hanya. Ya ce iri uku ce. Ta mutum gajera ce amma mugunya, don mutum gaggawa gare shi. Ta akuya kuwa sai wanda ya gaji da duniya. "Amma ta jaki, ita ce hanya. Jaki bai hawa inda bai iya sauka, kuma bai nisa da ruwa. Ka bi kashinai, ba ka ɓata. Jaki bai ƙarya."

Wata shekara, tun ana zaman lafiya, wasu samari daga Gusau suka ce hawan dutse suke so don nishaɗi, a nemo masu wanda ya san hanya mai kyau. Na kai su wurin Kawu. Kowa da jaka a baya kamar buhun gero. Ya zagaya su yana ƙwanƙwasa jakunkunan da sanda.

"Hijira za ku?"

"A'a Baba, yawo ne."

Ya sa aka buɗe ɗaya. Ga kifin gwangwani, ga lemo, ga bargo, har da turare. Ya ce, "Ashe shago za ku buɗe bisa. To Allah Ya kawo kasuwa, birai dai ba su biya." Shi gorar ruwa ce kawai da ƙuli-ƙuli a aljihu.

Muka kama hanya, shi a gaba, kai a sunkuye, yana bin kashin jaki kamar mai karatun allo. Muka hau, muka gangara, muka zagaya, rana ta take. Can sai ga mu a bayan dangar wani gida a gindin dutsen, kusa da inda muka taso. Wata mata na daka, ga jaki a turke yana kallonmu.

Na ce, "Kawu, ba kai ka ce jaki ba ya ƙarya ba?"

Ko gezau. Ya ce, "Bai yi ba. Gida ya nufa, ga shi gida. Ku ne ba ku tambaye shi ina za shi ba."

Hanya ɗaya ce ba ya wasa da ita. A bayan dutsen akwai kufan gidanmu na da, kuma a can aka binne Inna, mahaifiyarsu, kakata. Duk shekara in an gama kaka sai ya ɗauki adda ya je ya sassabe hanyar, ya jera duwatsu a kowace mararraba, ya yi mata addu'a ya dawo. Yakan ce hanya dabba ce, ƙafa ce abincinta, in ba a taka ta ba mutuwa take yi.

"Ya'u, taho in gwada maka. Ni ɗai na rage da na san ta."

"Bayan Sallah, Kawu."

Sallah ta wuce, ya sake magana, na sake cewa bayan Sallah. Ya dube ni ya ce, "Kai wanga wata naka a wace ƙasa aka ganinai?"

Sai 'yan bindiga suka cika dajin. Aka ɗauke wannan, aka kashe wancan, gonakin nesa suka koma saura. 'Ya'yan Kawu suka ɓoye sandarsa da addarsa, suka ce ko bakin gari ya wuce sai sun ɗaure shi. Ya koma zaman ƙofar gida, fuska ga dutse. Wani lokaci ka tarar da shi a kan tabarma da takalma a ka.

"Kawu, ina za ka?"

"Ina ko? Na share hanya don zumunci, ɓarayi ka bin ta. Yanzu su ne masanan hanya, mu mun koma tukwane."

Da ya ga jiki ya ƙi, ya kira ni ya fara karanto min hanyar kufan da baki: in ka wuce tsamiya mai kogo ka riƙe hannun dama, sai dutsen da ya yi kama da raƙumi a durƙushe, sai kaza, sai kaza. Ni ina "to, to," idona a kan waya. Tsamiyar da raƙumin kawai suka zauna min. A asibiti an ce hawan jini ne ya kashe shi. Ni dai na san zama ne.

Bana da aka ɗan samu sauƙi, mahaifiyata ta ce, "Ya'u, ai kai Bawa ya faɗa wa. Ka je ka dubo min Inna kafin ni ma a kai ni."

Na tafi da hantsi. Na tuɓe takalma na ɗora a ka, ba mai dariya. Tsamiya masu gawayi sun sare ta, kututture uku na gani, ban san wanne ne nata ba. Duwatsun da ya jera ciyawa ta haɗiye su. Na duba ƙasa ko zan ga kashin jaki, babu. Jakunan ma an kore su tare da shanu. Na yi ta zagaye har ƙaya ta ishe ni, na tsaya na fuskanci inda nake zato, na yi addu'a na juyo.

Da na iso gida mahaifiyata ta ce, "Ka gan ta?"

Na ce, "Ban gane hanyar ba."

Ta ɗaga kai ta dubi dutsen. Sannan ta ce, "To. Bawa ya tafi da abarsa."

Allah Ka jiƙan Kawu, Ka haɗa shi da Inna inda ba a sassabe. Ka shimfiɗa masa hanya mai laushi wadda ba ta tsaga ƙafa, ko da yake na san sai ya tuɓe takalman.