In Dama Ta Ƙiya

Shekara talatin da ɗaya Mai Agogo ya yi a shago guda, wani ɗan tsukin wuri tsakanin kemis da mai gyaran takalmi, wanda in ka shiga da jaka sai dai ka fito da baya. Tebur ɗaya ne a ciki, da fitila mai lanƙwasa wuya, da hantsaki, da ɗan madubin da yake maƙalawa a idon dama har ya bar masa shaida a fata. Ba ya shan taba, ba ya kallon ƙwallo, ba ya zaman hira a bakin titi. Abu ɗaya ne ya shiga ransa ya yi kane-kane, shi ne ɗaukar hoto.

Ba sana'a ba ce fa. Kada ma ka kuskura ka kira shi mai hoto, yanzun nan za ku ɓata. Ranar hutu kawai yake rataya kyamara ya fita ya ɗauki abin da ba wanda ya aike shi: tantabaru a kan wayar lantarki, hannun mai takalmi yana jan zare, ruwan sama a gilashin bas. Maiɗakinsa takan ce da hoto abinci ne da ba gidan da zai kai nasu ƙiba.

Kamfanoni biyu ne suka raba masu irin wannan ciwo gida biyu. Sunayensu na karya harshe, shi ya sa a gidan Mai Agogo ake kiransu da tambarin da ke goshin kowace kyamara: Tauraruwa da Shaho. Mai Agogo ɗan Tauraruwa ne tun yana saurayi. Ƙanin matarsa kuwa, wanda kowa ke ce wa Hedimasta ko da yake ya daɗe da ajiye alli, ɗan Shaho ne na a-mutu. Abin da ya ƙara rura wutar shi ne ido, wato gilashin nan mai kama da gwangwanin madara da ake murɗawa a gaban kyamara. Idon Tauraruwa ba ya shiga bakin Shaho, na Shaho ba ya shiga bakin Tauraruwa. Duk wanda ya tara idanun gida ɗaya ya auru ke nan, babu saki babu yaji. Mai Agogo yana da huɗu, kowanne a nannaɗe cikin tsohuwar safa.

"Yaya, wannan hoton naka a shayi ka tsoma shi?" Haka Hedimasta zai fara da ya shigo falo, kafin ma ya zauna.

"Kai da taka ke fitar da mutum kamar an wanke shi da bula?"

Shekara ashirin ana haka, ba wanda ya taɓa cewa na ji, ba wanda kuma ya taɓa fasa zuwa gidan ɗan'uwansa. Maiɗakin ta daɗe da daina raba su. Takan ajiye musu ruwa ta koma harkarta.

A bangon falon, sama da doguwar kujera, akwai hotuna goma sha takwas a jere. Duk mutum ɗaya ce a ciki, Auta, 'yarsu ta ƙarshe, tsaye a bakin ƙofa ɗaya, ranar farko ta komawa makaranta a kowace shekara. A na farko kanta bai kai hannun ƙofar ba, jakar bayanta ta kusa rinjayar ta. A na bakwai ta kumbura fuska saboda an hana ta takalmi mai tsini. A na ƙarshe ta fi uwarta tsayi. Kowane hoto yana da kwanan wata da ƙananan lambobi a ƙasa, ta kusurwar dama. Duka sha takwas ɗin Mai Agogo ne ya ɗauka da hannunsa, ko shekarar da zazzaɓi ya kayar da shi bai bar wa kowa ba.

To, sai abin da ba a zata ba ya zo. Wata safiya yana tsakar sa wa agogon wata mata batir, hantsakin ya faɗi daga hannunsa. Ya kai hannu zai ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Mai kemis ne ya gan shi a karkace ya yi ihu. Asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Bayan wata takwas na magani da gashi, ƙafa ta dawo da ɗan ja, baki ya miƙe, amma hannun dama ya ce shi kam ya yi ritaya. Aka rufe shago. Ya koyi cin abinci da hagu, ya koyi ɓalla maɓallin riga da hagu, yana yi yana tsaki.

A cikin wannan hali Auta ta gama karatun aikin jinya, aka ɗauke ta aiki a wani asibiti mai nisan kwana guda a mota. Saura mako uku ta tafi. Ranar za ta fita ta ƙofar nan da farin kaya, kuma kowa ya san daga ranar ta zama baƙuwa a gidan. Hoto na sha tara shi ne na ƙarshe.

"Baba, kada ka damu kanka," in ji ta. "Kawu sai ya ɗauka. Ko da waya ma ai ya yi."

Da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma wallahi da mari ta kai masa da ya fi masa sauƙi. Ya san tsohuwar kyamararsa ba za ta yiwu ba: nauyi gare ta kamar dutsen guga, kuma hannu biyu take ci, ɗaya yana murɗa ido har fuska ta fito tar, ɗaya yana danna maɓalli. Washegari ya ce wa Hedimasta ya zo ya kai shi inda ake sayar da sababbi.

Mai shagon wata mata ce mai tabarau da ta san kayanta ciki da bai. Ta jera musu biyu a kan kanta, sabuwar Tauraruwa da sabuwar Shaho, ta ce duk su da kansu suke daidaita fuska, ba sai an murɗa komai ba. Nan fa tsohuwar gardama ta tashi. Hedimasta yana zuba yabon Shaho kamar shi ya haife ta, Mai Agogo yana mayar masa, har fuskarsa ta saki, karon farko tun daga asibiti. Ya miƙa hagu ya ɗauki Tauraruwa. Ba nauyi ko kaɗan. Ya kai ta ido, ya ga mai shagon a ciki tar. Yatsansa ya fara laluben maɓalli, ya laluba, ya sake lalubawa. Babu komai a wajen sai roba.

Maɓallin yana can ta dama. Shekara arba'in yana danna shi, bai taɓa lura da gefen da yake ba. Ya ajiye ta, ya ɗauki Shaho, abin da bai taɓa yi a gaban surukinsa ba. Ita ma maɓallinta a dama yake.

"'Yata, babu wadda aka yi wa bahago?"

"Gaskiya, Baba, tun da nake ban taɓa gani ba. Amma ana iya kafa ta a kan ƙafa uku, ka sa mata lokaci, ta ɗauka da kanta."

"To ai ƙafa ukun ce ta ɗauka ke nan, ba ni ba."

Taurin kai ne, kowa ya sani. Amma mutumin da aka ƙwace wa sana'a da hannu a rana ɗaya, in ya riƙe abu guda ya ce wannan ba zan saki ba, wa ke da bakin yi masa faɗa? Suka fito ba su sayi komai ba.

Kwana huɗu Mai Agogo yana zaune a doguwar kujerar nan, hotunan suna bayansa, bai ko waiwaya ba. Baƙin ciki ne tsagwaronsa, kuma bai ɓoye ba. Rana ta biyar da hantsi ya ce wa maiɗakinsa ta ɗauke tsohuwar kyamarar daga kan kabad ta kai inda ba zai gan ta ba.

Ita kuwa baiwar Allah, shekara talatin da biyar tana zaune da kyamara a gida amma ba ta taɓa sanin samanta da ƙasanta ba. Ta ɗauko, ta tsaya tana goge mata ƙura da gefen zane, ta riƙe ta a kife, tambarin yana kallon ƙasa.

"Shekara nawa ina gaya miki ba haka ake riƙe..." Sai idonsa ya sauka a kan hannunta. "Tsaya. Kada ki motsa."

"Me kuma na yi, Malam?"

"Kalli babban yatsanki."

Ta kalla. Da aka kife kyamarar, gefen dama ya koma hagu, maɓallin ya sauko ƙasa, kuma ga babban yatsanta na hagu zaune daram a kansa.

"Ikon Allah," in ji ta. "Ashe duk shekarun nan ni ce na iya riƙo."

Da yamma ta kira ƙaninta a waya ta ba shi labari. Washegari shi da Mai Agogo suka koma wajen mai tabarau.

Mai Agogo ya nufi Tauraruwa kai tsaye, ya kife ta a tafin hagu. Mariƙinta siriri ne, tana ta zamewa, kuma babban yatsan nasa yana tsayawa gab da maɓallin, kamar faɗin ƙwayar shinkafa ya rage. Ya gyara, ya sake gwadawa. Sau huɗu yana yi, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Sannan a hankali, ba tare da ya kalli kowa ba, ya ɗauki Shaho ya kife. Mariƙinta mai zurfi ne, yatsu huɗu suka shige suka kama, babban yatsa ya sauka inda ake so kamar an auna. Ya danna, ta yi ƙyas. Amma don kada a ce ya bayar da kai da wuri, sai da ya koma ya ƙara gwada Tauraruwa sau biyu.

Hedimasta yana ta nazarin fankar silin kamar bai taɓa ganin fanka ba.

"Faɗi abin da ke bakinka," in ji Mai Agogo.

"Ni? Na yi magana?"

"Faɗa dai, kada ya kumbura ka."

"Ba komai, Yaya. Cewa na yi in dama ta ƙiya sai a koma hagu."

"Hagu ake cewa ta ƙiya a koma dama. Kai da ka koyar da yara."

"Wanda ya yi karin maganar bai taɓa riƙe kyamara ba."

Mai shagon ta tuna musu saura ido. Idanunsa huɗu na gida ba su da amfani a nan, shi ma ya sani, kuma abin ya sosa masa rai ƙwarai. Ta ɗauko wani dogo mai jawo nesa kusa, sai ta tuna shi ma murɗa shi ake yi da ɗaya hannun, ta mayar. Tana cikin dube-dube Hedimasta ya sa hannu a aljihu ya fito da wani abu a cikin safa. Ƙaramin ido ne gajere, wanda ba a murɗa masa komai, wanda shekara goma yana taƙama da shi ba ya bari ko a taɓa.

"Wannan ne ba ya rinjayar hannu," in ji shi. "Jiya na gwada duka nawa a kife, na sa dama a aljihu. Har matata ta tambaye ni ko lafiya."

Mai Agogo ya karɓa. Ya so ya ce wani abu mai kyau. Da ƙyar ya ce, "Safar ma ba ka wanke ba."

Sauran kwanakin ya yi su yana koyon abin da ya riga ya iya. Ya ɗauki ƙofa babu kowa, ya ɗauki maiɗakin tana shanya, ya ɗauki kyanwar maƙwabta har ta daina shigowa. Da farko komai a rawe yake fitowa. Daga baya ya gano in ya manne gwiwar hannu a haƙarƙari ya riƙe numfashi, kamar yadda yake yi in zai ɗora allurar ƙaramin agogo, rawar takan tsaya. Auta ta taya shi saita kwanan wata don ya fito a jikin hoto kamar sauran.

Ranar tafiya, ƙarfe bakwai na safe, ta tsaya a bakin ƙofar da farin kaya, akwati a gefenta. Ya jingina da bango, ya kife kyamara ya kai ido. Hedimasta yana tsaye a baya da tasa a cikin jaka, bai ko zuge zif ba.

"Baba, zan makara," in ji Auta. Abin da take faɗa ke nan kowace shekara tun tana 'yar huɗu, sai dai yau muryar ta karye a tsakiya.

"Ɗaga haɓa."

Hoton farko ya yi rawa. Ya sauke hannu, ya huta. Ya sake ɗagawa, ya riƙe numfashi, ya danna.

Bayan kwana biyu suka je karɓo hoton shi da maiɗakin. Ya fito tsaf, har ɗigon hawayen da ke gefen hancin Auta ana gani. Sai mai wanke hoton ya nuna masa wani abu da bakin biro. Da aka juya takardar don Auta ta tsaya daidai, kwanan watan ya koma sama ta kusurwar hagu, lambobin duk a kife.

"Kuskure ne ƙarami, Baba. Minti biyu zan goge shi in sake bugawa daidai."

Mai Agogo ya daɗe yana kallon lambobin.

"Bar shi," ya ce. "Da wannan za ta gane ni na ɗauka."

A gida maiɗakin ce ta riƙe ƙusa, shi ya buga da hagu. Sau biyu yana samun yatsanta, ba ta janye ba.