Kwanon Kawu

Lokacin da nake kwalejin horon malamai a Sakkwato, wani malaminmu yakan ba mu aron littattafan Turawa na ban tsoro, ranar Asabar kuma mu saci jiki mu tafi sinima mu kalli irinsu. Kusan duk labarin ɗaya ne: ƙaton gida a kan tsauni, tsoho shi kaɗai a ciki, mutanen gari suna ratse hanya don kada su bi ta ƙofarsa. ’Yan ajinmu sukan ce wannan sai Turawa, mu ai ba ma barin mutum shi kaɗai. Da farko nakan taya su. Daga baya har na kusa dambe da wani a kan wannan magana, saboda kawuna.

Ƙauyenmu yana bakin tafki ta wajen Ngaski, cikin garuruwan da aka sake wa mazauni lokacin da ruwan madatsar Kainji ya cinye tsohon gari. Itatuwan tsohon garin suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa, su ne ke kifar da kwalekwale su riƙe mutum. Kawu, yayan Inna uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne mai nutso. In ruwa ya ci mutum shi ake kira, ya shiga ya kwance gawar daga cikin rassa ya fito da ita.

Sai magana ta fara yawo wai ’yan ruwa ba sa sakar masa gawa sai ya yi musu alkawarin wani. Matarsa ta rasu, maƙwabcin da suke cin tuwo tare ya nutse, shi ke nan aka samu hujja. Liman ya yi wa’azi a kan wannan camfi har ya gaji. Aka daina ba Kawu hannu, a masallaci ma sai a bar gurbi kusa da shi, har ya daina zuwa, ya koma wata bukka can bayan gari. Amma jirgi na kifewa, su ne dai za ka gani sun tsaya nesa da ƙofarsa suna ƙwala masa kira. Wannan rashin kunya har yau yana ƙona mini rai.

Inna ba ta daina dafa masa ba. Sai dai tana da ’ya’ya, yayyena, masu sana’a a kan ruwa, Baba kuma ya gindaya mata sharaɗi: ta kai, amma kada ta shiga, kada ta tsaya hira. Akwai wani kututture a gaban bukkar. Nan take ajiye kwanon tuwo, ta buga kututturen da sanda, ta ɗauki na jiya ta juyo. Shi ma ba ya fitowa sai ta yi nisa, don kada ya ja mata magana. Da kwanon nan kaɗai take sanin halin da ɗan’uwanta yake ciki. In ya rage, ta yini cikin damuwa. In ya cinye, ta san yana lafiya.

Da na dawo hutun damina, na tambaye ta shi.

“Shina nan lahiya lau,” in ji ta, tana ta fara’a. “Kwanakin ga ma duk abin da nik kai cinye shi shikai tas, har ƙara mai nikai. Murhin kwanon dai shika yasuwa ƙasa, ka san tsuhwa.”

Na ce yau ni zan kai. Ta riƙo rigata ta ce, “Babanka hwa?” Na ce ni ɗan boko ne, ba na hawa ruwa, ’yan ruwa su neme ni a Sakkwato.

Da azahar na isa. Wani kare ne kwance a gindin kututturen, ya yi ɓul-ɓul, ba kamar karnukan ƙauyenmu ba. Yana jin ƙarar kwano ya miƙe yana kaɗa wutsiya. Ciyawa ta rufe ’yar hanyar da ke tsakanin kututturen da ƙofa, babu sawun mutum ko ɗaya. Na yi sallama, na sake yi. Tun kafin in ɗaga asabari hancina ya gaya mini.

Yana kwance a kan tabarmarsa, da butarsa kusa da kai, babu ko ɗigon ruwa a ciki. Ya daɗe da rasuwa. Wankan gawa ma bai yiwu ba, ruwa kawai muka kwarara masa, ni da Liman da yayyena. Waɗanda ya ciro wa ’ya’ya daga ƙarƙashin tafki suka yi masa salla, kowa da gefen rawani a hanci.

Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Sai da muka koma gida ta zauna a bakin murhu, da kwanon a cinyarta, tana ta juya shi.

“Ashe kare nika ciyarwa,” in ji ta. “Ina bugun icce, ɗan’uwana na ciki, ni ko ina murna.”

Washegari da azahar karen ya biyo sawunta har ƙofar gidanmu, ya zauna yana jira.