Kwana Uku Muna Jiran Atamfa a Kwatano

Shekara goma sha bakwai yayata ta yi tana zuwa Kwatano saro atamfa kafin ta ga teku. Ina tsaye kusa da ita ranar da ta gan shi.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke, a Zurmi aka haife mu, ta girme ni da shekara tara. Aure ne ya kawo ta Ƙaura Namoda, ni kuma koyarwa a firamare ta kawo ni daga baya. Tana da rumfa a kasuwar Ƙaura, da can ma duk Alhamis sai ta ci kasuwar Shinkafi, kafin hanya ta lalace ta daina. Mace ce da ba ta iya zama ba. Ko ziyara ta zo, a bakin tabarma take ɗosana jiki, takalmanta na kallon ƙofa.

A shekarar da nake magana mun ɗauko Innarmu daga Zurmi ta dawo gidana, saboda halin da ƙauyukanmu suka shiga. Na rame, ba na cin abincin kirki, ko tayar babur ta fashe a titi sai gabana ya faɗi. Da aka ba da hutun bazara, Yaya ta shigo da hantsi ta tsaya a kaina ina tsintar shinkafa.

"Auta, haɗa kayanki. Jibi za ni Kwatano, tare za mu tahi."

"Mi zan yi can, Yaya?"

"Ki riƙa mini jaka. Ki kuma ga ruwan da kike zana ma ɗiyan mutane a allo."

Ashe ta riga ta yi magana da maigidana, ta kuma sa babbar 'yarta ta zo ta zauna da Inna. Na tashi na haɗa kayana.

Kwana biyu muka yi a hanya, ta Kamba, muka tsallaka kogin Kwara muka miƙa kudu. Yawancin tafiyar ina gyangyaɗi ne, kuma duk lokacin da na buɗe ido sai in ga an sake mini ƙasa. Kuka ta ɓace, giginya ta ɓace, ƙasa ta koma ja, itatuwa suka yi tsawo suka matso bakin titi. Mata na miƙo abarba ta taga. Iska ta yi nauyi, ta fara manne wa fata kamar tururin tukunya.

Da muka isa Kwatano muka hau kabu-kabu, masu rawayar riga, kowace da nata. A kan wata doguwar gada Yaya ta sa aka jera baburan, ta nuna mini ƙasa da hannu.

"To ga tekun naki nan."

Na leƙa. Ruwa ne mai launin toka, da kwalekwale jefi-jefi, ga gidaje a wancan ƙetaren ana hango shanyarsu. Bai ma kai Kwara faɗi ba. Na ji kunyar abin da na yi shekaru ina gaya wa yara.

A unguwar Zango muka sauka, gidan wata Hajiya da Yaya ta saba sauka wurinta. 'Yar Jangeru ce, kusa da Shinkafi, aure ya kai ta Kwatano tun tana yarinya, ta tsufa a garin amma harshenta bai bar gida ba. Da ta tambaye ni yadda na ga gari, na ce teku dai bai kai yadda ake faɗi ba. Ta ce ina na gan shi. Na ce a kan gada.

Hajiya ta aje ludayin da ke hannunta, ta yi dariya har ta share ido da gefen gyale.

"Wancan ai mashigi ne, ɗiyata. Tabki ne ke bi ta nan ya huce." Ta juya ga Yaya. "Ke duk shekarun ga da kinka yi kina zuwa, shi kike ce ma teku?"

"Ni kasuwa ta kawo ni, Hajiya," in ji Yaya. Amma na ga ta sunkuyar da kai tana gyara zoben hannunta.

Washegari Allah ya yi ikonsa. Mai shagon da Yaya take sari a wurinsa ya ce sabon zane bai fito ba, sai nan da kwana uku. Yaya ba za ta koma Ƙaura da tsohon yayi ba. Ta dawo masauki tana kai da kawowa a tsakar gida, har Hajiya ta gaji ta ce mu fita mu ba ta wuri, ta kira masu babur ta gaya musu inda za su kai mu.

Ƙararsa muka fara ji. Wani gunji ne daga nesa, kamar hadari na haɗowa ta gabas, alhali sama fes take, rana ta take ko'ina. Aka sauke mu a gindin itatuwan kwakwa, muka cire takalma muka hau tudun yashi. Da muka kai ƙoli sai kawai ƙasa ta ƙare.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a tsaye ba. Kusa da mu ruwan kore ne, can gaba shuɗi, can gaba kuma ya haɗe da sama har ido ya rasa inda ɗaya ya tsaya. Rana ta zuba a kansa yana walƙiya kamar an barbaɗa fasasshen madubi. Igiyar ruwa takan taso ta yi tsayin mutum, ta naɗe kanta, ta faɗi, ta rarrafo da farin kumfa har kusa da ƙafafunmu, sannan ta ja da baya tana shan iska ta haƙori. Wasu manyan jiragen ruwa na tsaye can nesa, ba su motsi, kamar a sama aka rataye su.

Yaya ta kama hannuna, abin da rabonta da shi tun ina 'yar firamare.

"Ina ƙetarensa?"

"Ba a ganinsa, Yaya."

"Subhanallahi," ta ce a hankali. Can kuma ta ƙara: "Kuma kullum nan yake? Duk zuwan da nike yi?"

Gaba kaɗan masunta na jan taru. Igiya ce doguwa ta fito daga cikin ruwa, mutane sun fi talatin sun jeru a kanta, maza da mata, suna waƙa suna ja da baya taku ɗaya ɗaya. Wanda ya kai ƙarshe sai ya saki ya koma gaba. Muka zauna muna kallo. Ba a jima ba na ga Yaya ta tattare hijabinta ta ɗaure a ƙugu, ta je ta kama igiyar a bayan wata mata mai goyo. Ba wanda ya tambaye ta daga ina. Suka matsa mata wuri kawai. Ba ta jin ko kalma ɗaya ta waƙar, amma ƙafarta ta kama kiɗan, tana jingina baya tare da su, bakinta na motsi da nata salatin. Sun fi awa suna ja kafin tarun ya fito, kifi na tsalle a ciki fari fat, da ƙaguwa da jatan lande. Wani dattijo ya zaɓi kifi huɗu ya zuba mata a leda. Ta so ta ƙi, ya nuna mata tafin hannunta da igiya ta sa ya yi ja, ya tura mata ledar.

Bayan mun yi la'asar a kan gyalenmu, ta kishingiɗa a inuwar kwakwa ta ce bari ta huta minti biyar. Barci ya ɗauke ta. Ban taɓa ganin Yaya na barci da rana ba, ko da azumi. Na zauna ina kore mata ƙuda, ina kallon fuskarta. Da ta saki jiki sai kamanninta da Inna suka fito, na kuma ga furfurar da take ɓoyewa a gefen kunne. Inuwar ganyen kwakwa na yawo a kan kumatunta. Na lura ruwan ya yi ta faɗuwa da ƙarfi tun ɗazu, gabana bai faɗi ba ko sau ɗaya.

Rana ta biyu Hajiya ta haɗa mu da wani tsoho mai kwalekwale ya kai mu Ganbiye, garin da aka gina a tsakiyar tabki. Gidajen duk a kan turaku suke tsaye, ruwa na wucewa ta ƙarƙashinsu. Ba titi, ba lungu, sai ruwa. Matar gida kan fito ƙofa ta sauka cikin kwalekwale kamar yadda muke sa takalmi. Ruwan a kwance yake lumui, kowane gida da ɗan'uwansa a kife a ƙasa, har na rasa ko mu ke tafiya ko garin ne ke ratsa mu. Muka ga kaji a kan wani dandamali, da akuya ɗaure, tana tuƙa ba abin da ya dame ta. Da azahar ta yi sai muka ji kiran salla ya biyo saman ruwa, muka ga mutane na tuƙawa zuwa masallaci.

Kasuwarsu ma a kan ruwa take ci. Mata cikin manyan malafuna, kowace da kayanta a gabanta: tumatir, barkono, itacen girki, burodi. A nan Yaya ta farfaɗo. Ta sa tsohon ya matsa da mu kusa da wata mai barkono, ta kama gefen zanen matar ta murza tsakanin yatsu, ta jinjina kai. Matar ita ma ta kama na Yaya ta murza. Suka kalli juna suka yi dariya. Daga nan suka shiga hira da hannu da ido, wannan da Hausa, waccan da yarensu, kusan rabin awa, kwalekwalen biyu na gogar juna. Da muka rabu na tambaye ta me suka ce.

"'Ya'yanta shida. Gwiwa ke damunta, irin tawa."

"Yaya kinka gane?"

"Ke dai malama ce, sai an rubuta miki."

Rana ta uku Hajiya da kanta ta raka mu Wida, don a can take sayen gishiri. Muka bi hanyar da ta bi gaɓar teku, kwakwa hagu da dama, da bukkokin masunta, teku na leƙowa tsakanin itatuwa yana ɓuya. Wida gari ne shiru, mai tsofaffin benaye da fentinsu ya koɗe, da manyan itatuwan da suka rufe titi da inuwa. Aka nuna mana wani gida da ake ajiye mesa ana girmama ta. Yaya ta ce ita daga nan waje ma ta gani, ta gode. Muka wuce wurin masu gishiri, mata na tace ƙasar fadama suna dafa ruwan a manyan faranti har ya bushe ya bar gishiri fari kamar garin shinkafa. Hajiya ta cika buhunta, ni ma na sayi ƙulli ɗaya.

Daga nan muka gangara bakin ruwa, inda wata doguwar ƙofa ke tsaye ita kaɗai a kan yashi, ba katanga ta ko'ina. Hajiya ta ce ta wannan gaɓar aka riƙa fitar da bayi zuwa jiragen Turawa a zamanin da, kuma wanda ya bi ta nan bai dawo ba. Ta ce har da mutanen arewa a ciki.

Yaya ta daɗe tana kallon hotunan mutanen da aka sassaƙa a saman ƙofar, a jere, an ɗaure su da juna. Na san abin da take tunani, don ni ma shi nake tunani. Direban da ya yi shekaru yana kai ta Shinkafi, an tare shi a hanya bara waccan, har yau ba labari. Ta ɗaga hannu ta yi addu'a, muka shafa. Sannan ta ratsa ta cikin ƙofar ta isa har inda kumfa ke taɓa yashi, ta juyo ta sake ratsowa ta dawo wurinmu.

Kafin mu tashi ta kira gida, ta ce a ba Inna waya, ta miƙa wayar wajen ruwa.

"Inna, kin ji?"

Muryar Inna ta fito ƙarama. "Ruwa aka yi can? Ku shiga ɗaki mana."

"Ba ruwan sama ba ne, Inna. Teku ne."

Inna ta kasa kunne. Can ta ce mu dai kada mu matsa kusa, ta kuma tambaya ko na ci abinci. Yaya ta ce tun shekaranjiya nake cin kifi kamar mage.

Da safe atamfa ta fito. Yaya ta koma yadda na san ta, tana ba da umarni, tana duba ɗaurin dilar atamfa, ba ta ko kalli gefen da teku yake ba. Muka kamo hanyar gida. Gishirin nan Inna ta yi miyar kuka da shi, ta ce yana da daɗi amma bai kai namu kama miya ba.

Ban sake zuwa ba. Hutu yakan zo ya wuce da hidimar gida. Yaya kuwa har yanzu tana zuwa sau uku a shekara, kuma 'yarta ta gaya mini tana ƙara kwana ɗaya a kan yadda ta saba. Ban tambaye ta ba. Lokaci lokaci dai saƙon murya kan shigo wayata ina tsakiyar aji. In na fita hutun tara na saurara, ba gaisuwa a ciki, sai iska da faɗuwar ruwa na kusan minti guda, sannan muryarta daga ɗan nesa tana ce wa mai kwakwa ya zaɓo mata ɗanya.